Ranar Da Aka Daina Yi Wa Python 2 Faci

Ran 1 ga watan Janairu, 2020, masu kula da harshen rubuta manhaja da ake kira Python suka janye hannunsu daga bugunsa na biyu. Babu injin da ya tsaya a wannan rana. Akawun da ya zo ofis washegari ya shigar da sunansa da kalmar sirri, shafin gudanarwa ya buɗe masa kamar kullum, jerin sunaye yana nan, maɓallin gyara da na gogewa suna inda ya bar su. Abin da ya sauya ba ya ganuwa a fuskar allo, watau daga ranar duk ɓarakar da aka gano a jikin wannan harshe, masu shi ba su ɗauki alkawarin toshe ta ba. A watan Afrilu na shekarar suka fitar da bugun sallama mai lamba 2.7.18, daga nan suka rufe littafi.

Shafin gudanarwa shi ne ƙofar baya ta kowane rumbun bayanai. Ta nan ne magatakardan makaranta ke shigar da sakamakon jarrabawa, ta nan ma'aikacin sashen albashi ke gyara matakin wanda aka yi wa ƙarin girma. Jama'a ba sa ganinsa. A ƙarƙashinsa kuwa akwai manhajar da ke karɓar umurni, ta binciki iznin mai bayarwa, sa'an nan ta rubuta a rumbu. Ita ce injin, shafin gangar jiki ne kawai, kuma ana iya sake fentin mota sau goma injin yana nan yadda yake.

Ɗaya daga cikin fitattun injunan nan shi ne Django, wanda asalinsa gidan jarida ne. A shekarar 2003 wasu samari biyu, Adrian Holovaty da Simon Willison, suka fara haɗa shi a jaridar Lawrence Journal-World ta jihar Kansas a Amurka, domin editoci su riƙa shigar da labari da kansu ba sai sun jira injiniya ba. A watan Yuli na 2005 aka sake shi kyauta ga kowa. Abin da ya sa ya karɓu shi ne, da zarar mai rubuta manhaja ya bayyana irin bayanan da za a ajiye, Django na gina masa shafin gudanarwa kusan a shirye. Da Python aka rubuta shi, saboda haka duk abin da ya sami Python ya same shi.

Shi Python wani mutumin Holan ne, Guido van Rossum, ya fito da shi a 1991. Da tafiya ta yi nisa sai masu shi suka ga akwai kurakurai a tushe waɗanda faci ba zai gyara ba, suka yanke shawarar rushe wani sashe na ginin su sake ɗora shi. Ran 3 ga Disamba, 2008, aka fitar da Python 3, wanda da gangan aka yi shi ba ya karɓar duk abin da aka rubuta domin na biyu. Wannan shi ne bambancin ƙaramin bugu da babba. Ƙaramin bugu gyara ne a kan abin da aka saba, babban bugu kuwa yana iya warware alkawarin da tsohon ya ɗauka.

Masu shi sun zaci shekaru kaɗan za su isa kowa ya ƙaura. Suka sa 2015 wa'adi. Amma aka shiga jiran juna: kamfanoni suna jiran masu ƙananan manhajojin da suke aro su fara ƙaura, su kuma waɗannan suna cewa ba su ga masu bukata ba. Shi kansa Django sai a 2013 ya fara aiki da sabon harshen. A 2014 van Rossum ya ba da sanarwar ɗage wa'adin zuwa 2020. Ƙaurar da aka yi wa lissafin 'yan shekaru ta ci goma sha ɗaya, kuma ko a ranar rufewa akwai ɗimbin waɗanda ba su ɗaure kaya ba.

Sauye-sauyen da aka yi iri biyu ne, kuma ba su zama ɗaya wajen haɗari ba. Akwai masu ihu. Alal misali an sauya yadda ake rubuta umurnin nuna rubutu a allo. Wanda ya bar shi a tsohon salo, manhajarsa ba za ta ko tashi ba, za ta nuna masa layin da matsalar take ya gyara. Irin waɗannan har wata 'yar manhaja aka tanada mai suna 2to3 da ke bin layi-layi tana gyara su.

Masu shiru su ne abin tsoro. A Python 2, in aka ce a raba 7 gida 2, amsar ita ce 3, a watsar da rabin. A Python 3 amsar 3.5 ce. Haka nan wajen cike lamba: tsohon yana mayar da 2.5 ta zama 3, sabon kuwa yana mayar da ita 2, domin in lamba ta tsaya daidai tsakiya yana karkata ne ga wadda ke rabuwa biyu ba saura. Babu gargaɗi, babu jan rubutu. Manhajar za ta tashi lafiya lau, ta fitar da takardar albashi ko matsakaicin makin ɗalibi, sai dai adadin ya bambanta da na jiya. Injiniyan da aka ɗauko kwangila bai san alawus ɗin mai mataki na takwas ba balle ya ga ya motsa. Akawun da ya shekara goma yana biyansa shi zai gani da kallo ɗaya. Don haka gwajin da aka yi ba da shi ba, rabin gwaji ne.

Babban dalilin rushe ginin kuwa ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. Rubutu a Python 2, in ba an nemi wani abu dabam ba, jerin ƙwayoyin ajiya ne, kuma in ya tashi fassara su yana komawa ga tsarin ASCII na Amurka mai alamomi 128, wanda babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsa. A tsarin da aka fi amfani da shi a intanet, kowane ɗayan haruffan nan masu lanƙwasa ƙwaya biyu yake ci. Shi ya sa in aka tambayi Python 2 tsawon kalmar "ƙasa" yana iya cewa biyar, alhali Python 3 zai ce huɗu. Django ya daɗe da tanadin haruffan duniya a cikinsa, amma abin da masu kwangila suka ƙara da hannunsu, musamman wajen fitar da jerin sunaye zuwa takardar lissafi, nan ne yakan cije in ya ci karo da Ɗanladi ko Ƙanƙara. Dabarar da aka fi yi ita ce a cire lanƙwasar a huta, sunan mutum ya koma wani abu dabam a rajista. Python 3 ya raba rubutu da ƙwayoyin ajiya, ya mai da kowane harafi na kowane harshe ɗan gida. Sai dai ranar ƙaura ita ce ranar da tsofaffin sunayen da aka ajiye a gurguje suke fitowa fili, kuma dole a sa mai karanta Hausa ya duba su.

A watan Disamba na 2017 Django 2.0 ya fito, ya ce shi da Python 2 sun raba gari. Bugu na ƙarshe da ke aiki da tsohon harshe shi ne 1.11, kuma kula da shi ta ƙare a watan Afrilu na 2020. A cikin sauye-sauyen 2.0 akwai wani da ya kamata kowane shugaban sashe ya sani. A da, in aka haɗa bayani da wani, kamar ma'aikaci da sashensa, kuma mai rubutu bai faɗi kome ba, to ƙa'idar ita ce goge sashe yana tafiya da duk ma'aikatan da ke rataye a jikinsa. Lalle shafin yakan jera abin da zai tafi ya nemi tabbaci, amma kowa ya san yadda ake danna amincewa da yamma ana haramar tashi. Daga 2.0 aka wajabta a rubuta zaɓi a fili a kowace mahaɗa: ko a goge duka, ko a hana gogewar, ko a bar gurbin sashen ba kome. Mai gaggawa yakan bi ya rubuta tsohuwar ƙa'ida ko'ina don manhaja ta tashi. Alhali tambayar ba tasa ba ce. In an narkar da wata ma'aikata cikin wata, ina fayil ɗin mutanenta za su? Wannan hukuncin mulki ne, babban sakatare ya kamata ya yanke shi.

Waɗanda suka ƙaura lafiya ba su yi tsalle ɗaya ba. Instagram, wanda a kan Django aka gina shi, ya bayyana yadda ya yi a taron masu Python na 2017. Da farko ya ɗaga Django zuwa bugun da ke jin harsunan biyu, sa'an nan aka gyara rubutun yadda zai yi aiki a tsoho da sabo lokaci guda, aka yi ta gwaji, aka fara kunna sabon ga ma'aikatan kamfanin, daga nan ɗan ƙaramin kaso na jama'a, ana ƙarawa a hankali. Aikin ya ci kusan wata goma ba tare da an rufe shago ba. Ofishin da ke da injiniya ɗaya tak ba shi da wannan ƙarfi, amma tsarin bai fi ƙarfinsa ba: a ɗauki kwafin rumbu, a tabbata ana iya mayar da shi, a yi ƙaurar a kan kwafin, a bi bugu-bugu ana karanta gargaɗin da Django ke bayarwa tun kafin ya cire abu, a kuma fitar da albashin watan jiya da tsoho da sabo a jera su gefe da gefe.

Mai cewa a bar kaza cikin gashinta tunda tana aiki, ya dubi abin da ya sami Equifax, kamfanin adana bayanan masu cin bashi a Amurka. A watan Maris na 2017 aka sanar da wata ɓaraka a manhajar Apache Struts, aka kuma fitar da facinta. Kamfanin bai liƙa shi a wani injinsa ba, ɓarayi suka bi ta nan daga watan Mayu zuwa Yuli suka kwashe bayanan mutum wajen miliyan 147. Su faci yana nan, sakaci ne ya hana. Wanda ke zaune a kan bugun da aka daina kula da shi, ko ya so liƙawa babu abin da masu shi za su miƙo masa.

Wa'adin nan kuwa ba a ɓoye yake ba. Django na fitar da sabon bugu duk wata takwas, kuma duk shekara biyu, a watan Afrilu, yana fitar da na dogon zango wanda ake kula da shi shekara uku. An yi 2.2 a 2019, da 3.2 a 2021, da 4.2 a 2023, da 5.2 a 2025. Tsakanin fitowar sabo da rufe na baya shekara guda ce cif, watau kasafin kuɗi ɗaya. Wa'adin da aka ɗibar wa 4.2 shi ne Afrilun 2026, na 5.2 kuwa Afrilun 2028.