Gayyata zuwa cocin Katolika: abin da baƙo daga Zango zai tarar, da inda zai tsaya

Ranar Lahadi 21 ga Afrilun 2019, ranar bikin Ista, Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King da ke kusa da fadar shugaban ƙasa a Accra, saura kwana biyu ya cika shekara 100 a duniya. Fada Andrew Campbell, wanda ke jagorantar cocin a lokacin, shi ya tarbe shi. Hotunan sun bazu, Musulmi da dama suka yaba, wasu kuma suka ce an wuce gona da iri. Ofishin limamin ya bayyana cewa ziyarar zumunci ya kai, ba ibada ya je yi ba.

Wannan bambanci tsakanin halarta da yin ibada ya shafi talakan Zango fiye da yadda ya shafi manyan malamai. A Nima da Maamobi da Kawukudi, gidan haya guda kan haɗa Bahaushe da Badagare da Bafarafare, ana ɗiban ruwa a famfo ɗaya, ana ciniki da Hausa. Babban masallacin ƙasa da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021 yana Kawukudi, cocin St. Kizito kuma yana cikin Nima. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na mutanen Ghana, 'yan Katolika kuma kashi 10. Yawancin maƙwabtan da suka fito daga arewa sun gaji ɗariƙar ne daga limaman mishan da suka taso daga Wagadugu suka sauka Navrongo a 1906, shekara 26 bayan wasu sun sauka Elmina a bakin teku. Ko ba daɗe ko ba jima, katin jana'iza ko na ɗaurin aure zai iso ƙofa. Wasu kan ƙi zuwa don tsoron kada su faɗa cikin abin da addininsu ya hana, wasu kuma su je su yi ta kwaikwayon duk abin da suka ga ana yi. Duka biyun rashin sanin tsarin ibadar ne ke kawo su.

Ibadar da 'yan Katolika ke kira Mas (masu jin Faransanci na cewa mes) tsarinta ɗaya ne a Accra da Yamai da Lome da Yawunde, har ma ayoyin da ake karantawa ranar Lahadi iri ɗaya ne a duk duniya, bisa jadawalin da ke zagayowa duk shekara uku. Harshe ne kawai ke canzawa. Kafin babban taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, da Latin ake yi. Yanzu a Accra ana jin Turanci da Twi da Ga da Ewe, a arewacin Najeriya kuma akwai inda ake yin komai da Hausa, ana kiran sunan Allah kamar yadda yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa tun fassarar 1932.

A bakin ƙofa akwai ƙaramin mazubi na ruwa. Mai shiga kan tsoma yatsu ya yi alamar gicciye a goshi da ƙirji da kafaɗu, don tuna baftismarsa. Kafin ya zauna yakan durƙusa da gwiwa ɗaya yana fuskantar wani akwati a gaba, wanda fitila ke ci kusa da shi dare da rana. Baƙo ba ya bukatar yin ko ɗaya. Ba a cire takalmi, maza da mata kuma kan zauna a benci ɗaya. A al'adar coci maza kan cire hula, amma mace mai mayafi ba wanda zai ce da ita uffan, don sistoci ma a lulluɓe suke.

Rabin farko na ibadar karatu ne: daga Tsohon Alkawari, sai Zabura da ake rerawa, sai wasiƙun manzanni, sannan kowa ya miƙe a karanta Linjila, Fada ya yi huɗuba. Daga nan ake karɓar baiko. A Ghana wannan da kiɗa da rawa ake yin sa, layi-layi zuwa gaba, wani lokaci har a yi gasa bisa ranar haihuwa, wadda ake kira Kofi ne Ama, a ga 'yan wace rana za su fi tara kuɗi. Wanda ya zauna a kujerarsa bai yi laifi ba.

Rabi na biyu shi ne zuciyar al'amarin. Fada yakan ɗauki gurasa marar yisti da ruwan inabi a kan bagade, ya maimaita kalmomin da Linjila ta ce Yesu ya faɗa a jibinsa na ƙarshe da almajiransa. 'Yan Katolika sun gaskata cewa daga wannan lokaci gurasar da ruwan inabin sun zama jiki da jinin Almasihu a haƙiƙa, ba a misali ba, kuma a nan suka sha bamban da yawancin sauran Kiristoci. Ragowar gurasar ce ake ajiyewa a akwatin nan da ake durƙusa wa. Saboda haka idan aka yi layin karɓar Tarayya Mai Tsarki, dokar cocin da kanta ta keɓe shi ga ɗan Katolika da aka yi wa baftisma, wanda ba ya ɗauke da babban zunubin da bai furta ba, wanda kuma ya kame baki na awa guda. Ɗan Methodist ko ɗan Pentikostal ma a zaune yake zama. Musulmin da ya zauna a wurinsa ya yi daidai ta fuskar addininsa, ya kuma yi daidai ta fuskar masu gida. Kuskuren da ke ɓata musu rai shi ne baƙo ya bi layi don kunya, ya karɓa, ya jefa a aljihu.

Haka durƙuso: idan jama'a suka durƙusa, baƙo ya zauna shiru. Ana gab da Tarayya akan ce a yi wa juna gaisuwar salama, kowa ya miƙa hannu ga na kusa da shi. Wanda ba ya musabaha da mace, ko wadda ba ta yi da namiji, hannu a ƙirji da ɗan sunkuyo ya wadatar.

Saɓanin aƙida ba ƙarami ba ne, kuma ba a taimaki kowa ba idan aka ɓoye shi. Katolika na cewa Allah ɗaya ne cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma an gicciye Yesu ya tashi daga matattu a rana ta uku. Musulunci ya ƙi duka wannan, yana riƙe da Annabi Isa a matsayin bawan Allah kuma manzonsa. Inda aka fi kusantar juna shi ne kan Maryamu, wadda ɓangarorin biyu suka yarda budurwa ce ta haihu, kuma sura ta 19 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi. Mutum-mutuminta da na waliyyai su ne abin da ya fi ɗaure wa Musulmi kai. Koyarwar cocin ita ce bauta ta Allah ce kaɗai, su kuwa girmama su ake yi ana neman su taya da addu'a. Carbin da tsofaffin mata ke ja yana da ƙwaya goma-goma sau biyar. Wata takardar Vatikan ta 1965, Nostra Aetate, ta ambaci Musulmi da girmamawa a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya, masu riƙo da salla da sadaka da azumi.

Azuminsu na kwana 40 kafin Ista kan fara ranar Larabar Toka, ranar da ake ganin mutane a tashar mota da toka a goshi. Bai yi kama da na Ramadan ba: kwana biyu ne wajibi, Larabar nan da Juma'ar tunawa da gicciye, ana cin cikakken abinci sau ɗaya, ana shan ruwa, ana barin nama a Juma'o'in lokacin. Babban mutum da ke son shiga ɗariƙar sai ya yi watanni yana ɗaukar darasi wurin katikis, galibi a yi masa baftisma a daren Ista.

Aure ne wurin da iyaye ya kamata su buɗe ido. Ɗan Katolika ba ya auren wanda ba a yi wa baftisma ba sai da izinin bishop, kuma sai ya yi alkawarin yin iya ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'yan baftisma a raine su a cikin cocin. Ba a neman ɗaya ɓangaren ya bar addininsa, amma dole a sanar da shi alkawarin. Cocin ba ya yarda da saki, ba ya yarda da mace ta biyu. Gara a ji wannan tun kafin a kai goro.

Jana'iza kuwa, Musulmin da ya saba a binne mamaci ranar da ya rasu zai ga a kudancin Ghana gawa kan yi makonni a ɗakin ajiya kafin dangi su shirya. Akan yi zaman dare ranar Juma'a, Mas da binnewa ranar Asabar, sai addu'ar godiya ranar Lahadi. Baƙaƙen kaya ko baƙi da ja ake sawa, fari kuma idan mamacin ya tsufa sosai. Gudunmawar kuɗi a teburin da ke wajen zaman makoki ake bayarwa, bayan an dawo daga maƙabarta, a rubuta suna a ba da rasit.