Tseren Fanke, Wutar Shanu da Burodin Gwauruwa: Bazara a Birtaniya da Ireland

Mu in an ce bazara, zafi ke faɗo mana a rai. Su kuwa mutanen Birtaniya da Ireland, bazararsu ita ce lokacin da hunturu ke sakin ƙasa, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, yini ya ƙara tsawo, ciyawa ta tsiro, tumaki su haihu. Kakanninsu kan fito ne daga watannin sanyi da duhu, rumbu ya kusa ƙarewa, shi ya sa yawancin al'adun wannan lokaci ba su wuce abinci da wuta da dabbobi ba.

A fara da fanke, wanda sunansa ma daga Turanci muka aro. A Ingila yana da ranarsa, wato Talatar jajibirin azumin kwana 40 na Kiristoci. A da ba a cin ƙwai da man shanu a azumin, sai matan gida su haɗa abin da ya rage su soye. A garin Olney, mata kan ɗaura ɗankwali, kowace ta riƙe kaskon suya da fanke a ciki, su yi tseren yadi 415 zuwa ƙofar coci. Mutanen garin sun ce tun 1445 ake yi, wai wata ce ta ji ƙararrawar coci tana tsakiyar suya, ta fita a guje har da kaskonta. Tun 1950 matan garin Liberal da ke Amurka ke yin nasu tseren a rana guda da su, a gwada lokaci a ga gwanaye.

A wannan Talatar da Larabar da ke bin ta, garin Ashbourne gaba ɗaya kan koma filin ƙwallo. Tsakanin gidajen cin biyu mil 3 ne, kuma ba kai ke zaɓen ɓangare ba: a wane gefen rafin Henmore aka haife ka? Can kake. Daga ƙarfe 2 na rana ake turereniya har 10 na dare, a titi, a gona, a cikin ruwa. Masu kantuna kan rufe tagoginsu da katako, amma maƙabarta ba a taka ta.

Ranar 17 ga Maris ta Patrick ce, waliyyin Ireland, ranar da kowa ke sa koren kaya. Sai dai shi ba ɗan Ireland ba ne. A Birtaniya aka haife shi, mahara suka sace shi yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 6 yana kiwo a hannun ubangijinsa kafin ya tsere. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daga baya da ƙafarsa ya koma yin wa'azi a ƙasar da aka bautar da shi. 'Yan Katolikan Nijeriya ma shi suka riƙa a matsayin waliyyin ƙasa, albarkacin limaman Ireland da suka yi aikin mishan a nan.

Alhamis ɗin da ke zuwa kafin bikin Ista, sarkin Ingila kan raba wa tsofaffi kuɗin azurfa da aka ƙera don ranar kawai, kuma shekarunsa ne ke yanke yawan masu karɓa. A 2023 Sarki Charles yana da shekara 74, sai aka kirawo maza 74 da mata 74 zuwa babban cocin York. Sarakunan zamanin da har ƙafafun talakawa suke wankewa da hannunsu a wannan rana. Ni dai da an bar wankin ƙafar, domin ya fi azurfa nuna ƙanƙan da kai.

A ƙarshen Mayu, a tudun Cooper kusa da Gloucester, akan gangaro da dunƙulen cuku mai nauyin kilo 3 zuwa 4, jama'a su bi shi a guje suna tuntsurawa. Ana jin ciwo sosai, wanda ya riga isa ƙasa kuma cukun ne ladarsa. A ƙauyen Tissington kuwa rijiyoyi ake yi wa ado: a shafe allo da yumɓu, a manna furanni ɗaya bayan ɗaya har hoto ya fito, don godiya ga ni'imar ruwa.

Ireland ƙasar makiyaya ce, kuma 1 ga Mayu, da suke kira Bealtaine, ita ce ranar fitar da shanu zuwa makiyayar rani. A da akan hura wuta biyu, a koro garke ya ratsa tsakaninsu, hayaƙi ya bugi dabbobin don tsari daga cuta. A ranar ba a ba maƙwabci garwashi, ba a ba shi madara, ko da kuwa kullum ana yi, domin an yi imani wanda ya fita da su ya tafi da albarkar man shanun gidan na shekara. A ƙofa da taga a watsa furanni ruwan ɗorawa, 'yan mata kuma su yi sammako su wanke fuska da raɓa don neman kyau. Har yau ana kunna wutar a tudun Uisneach da ke tsakiyar ƙasar.

Na ajiye na gabashin Landan a ƙarshe. Akwai wata tsohuwar mashaya da ake kira Widow's Son, wato ɗan gwauruwa. Labarin da ake bayarwa shi ne a wurin gidan wata mata yake, wadda tilon ɗanta ya tafi aikin teku, ya ce ta ajiye masa ɗan burodin nan mai zanen gicciye da ake gasawa ranar Juma'ar Ista. Bai dawo ba. Kowace shekara sai ta gasa sabo ta haɗa da na bara, har ta rasu. Bayan an gina mashayar ba a yar da al'adar ba: duk Juma'ar Ista sai wani sojan ruwa ya zo, a ɗaga shi sama, ya jefa sabon burodi cikin ragar da ke rataye a rufin ɗakin.