Dogon Yaro a Gaban Shari'a

Itaciyar dogon yaro, wadda wasu ke kira darbejiya, baƙuwa ce a ƙasar Hausa, asalinta ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta. Can ma manoma sun daɗe suna amfani da man 'ya'yanta wajen kare amfanin gona. A shekarar 1994 Ofishin Rajistar Ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da Ma'aikatar Gona ta Amurka takardar haƙƙin ƙirƙira a kan wata hanyar kashe fumfunar tsirrai da wannan mai. Masu fafitika daga Indiya da Turai, cikinsu har da Vandana Shiva, suka ce ba su yarda ba.

Kafin mai karatu ya fahimci rigimar, sai ya san mene ne wannan takarda. Ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙago dalla-dalla a rubuce, ita kuwa ta hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ba da izninsa ba har shekara 20. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa. Amma da sharaɗi: tilas abin ya kasance sabo, ya ƙunshi dabarar da ba kowane masanin fannin zai hango nan take ba, kuma ya amfanu a masana'anta ko gona. A nan takardar dogon yaro ta yi tuntuɓe. Da aka kawo shaidar cewa an riga an yi amfani da irin wannan hanya a Indiya, sai aka soke ta a 2000, aka kuma kori ɗaukaka ƙara a 2005.

Abin lura shi ne, ba itaciyar aka mallaka ba, hanyar sarrafa manta ce. To, ko ana mallakar abu mai rai? A 1980 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙali 5 a kan 4, ta amince wa Ananda Chakrabarty haƙƙi a kan wata bakteriya da ya sauya wa halitta don ta riƙa cin ɗanyen man fetur. Dokar Nijeriya ta 1970 kuwa ta hana ba da irin wannan takarda a kan nau'in tsiro ko dabba, shi ya sa masu samar da sabon iri sai a 2021 suka sami tasu dokar.

Littafi da waƙa hanyarsu daban ce. Ba sa bukatar rajista, kuma haƙƙin marubuci a Nijeriya yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Tambarin ɗan kasuwa shi ake yi wa rajista, a kuma riƙa sabunta ta.

Raunin ilimin gargajiya a gaban irin waɗannan ofisoshi shi ne yawancinsa a ka yake, mai binciken takardu kuwa rubutu yake nema. Saboda haka a 2001 Indiya ta fara tattara magungunanta na gargajiya cikin rumbun kwamfuta, wanda masu binciken Turai da Amurka ke iya dubawa kafin su sa hannu.