Fumfunar teku da ciwon daji: ina gaskiyar take?

Labari yana yawo cewa masana sun gano maganin ciwon daji a jikin fumfunar da ke rayuwa cikin teku, har wasu na cewa kamfanoni ne ke ɓoye shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ake saurin yarda da shi.

Gaskiya ne akwai fumfuna a teku, a jikin ciyayin ruwa, da soson teku, da laka, kuma tana fitar da sinadarai don kare kanta. Da yawa daga cikinsu suna kashe ƙwayoyin kansa a ɗakin gwaji. Sai dai abin da ya kashe ƙwayar kansa a cikin kwalba zai iya kashe lafiyayyun ƙwayoyin jiki ma, kuma a nan galibinsu ke faɗuwa.

Wanda ya fi yin nisa shi ne plinabulin. Ayarin William Fenical na Cibiyar Scripps a Kalifoniya sun samo wani sinadari mai suna halimide daga fumfunar Aspergillus da ke kan wata koriyar ciyawar teku. Masana haɗa magani suka kwaikwaye shi, suka gyara shi, har ya zama plinabulin, wanda ke dagula zaruruwan da ƙwayar kansa ke buƙata don ta rabu biyu. An gwada shi tare da wani maganin kansa mai suna docetaxel a kan masu kansar huhu, kuma ya ɗan ƙara musu kwana. Ba warkewa aka samu ba. A ƙarshen 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a matsayin kariya daga raguwar fararen ƙwayoyin jini da magungunan kansa ke jawowa, ta nemi a sake wani gwajin. Wannan ba ɓoyo ba ne, a fili aka sanar.

Wani ruɗanin kuma, ana cakuɗa fumfuna da sauran halittun teku. Cytarabine na kansar jini, da aka amince da shi a 1969, da eribulin na kansar mama a 2010, asalinsu soson teku ne. Babbar kyautar da fumfunar teku ta ba likitanci ita ce cephalosporin, daga fumfunar da Giuseppe Brotzu ya ɗebo a gaɓar Sardiniya a 1945, kuma shi maganin ƙwayoyin bakteriya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa a sha garin fumfuna. Wata 'yar gidan Aspergillus ɗin ce ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe ba, tana fitar da gubar aflatoxin mai jawo kansar hanta. Duk wanda ya kawo maka kwalba da sunan maganin teku, tambaye shi lambar rajistarta da gwajin da aka yi a kan mutane. Mai jinya kuma kada ya bar asibiti saboda wannan labari, domin kansa ba ta jira.