Motocin da ake cewa suna kukan ƙarya a hanyar Dawanau

Da zarar kaka ta yi, manyan motoci sun fara kwasar gero da dawa da wake da riɗi daga kasuwannin Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi zuwa Dawanau, sai tsohuwar magana ta dawo bakin direbobi: wai motocin kwamfuta maƙaryata ne. DAF ko MAN ko Howo tana tafiya lafiya lau, sai ƙararrawa ta ɗauki kuka, jar fitila ta kama a gaban direba. A tsaya a duba baƙin mai, a duba ruwan lagireto, a tarar komai daidai. A tayar, shiru. Kafin a kai gari na gaba ta sake. Daga nan sai a kira rewaya ya tsinke wayar ƙararrawar, ko a manna salatif a kan fitilar, kowa ya huta. Har akwai masu kewar tsohuwar Marsandi 911, wadda ba ta iya ƙorafi ba.

Wannan tsinke waya shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙararrawa ba ta ƙirƙirar labari. Idan ta yi kuka alhali inji lafiyarsa ƙalau, to ciwon yana kan hanyar da saƙon ya biyo, kuma shi ma ciwo ne da ke buƙatar magani.

Ɗauki fitilar baƙin mai a motoci masu ɗan shekaru. Wani ɗan makunni ne a jikin inji: muddin mai na zagayawa da ƙarfi yana buɗe, idan ƙarfin ya faɗi sai ya haɗa wayar da ƙarfen inji, fitila ta kama. To idan robar wayar nan ta goge a wani lungu, duk sa'ad da mota ta faɗa rami a hanyar burji, tagullar ta taɓa ƙarfe, fitila za ta kama kamar mai ya ƙare. Ba ta da yadda za ta bambance. Shi ya sa ake shan wahala a hanyar ƙauye da buhuna a baya, a zo gareji mota a tsaye, a rasa abin nunawa.

Yankinmu kuwa ya tara duk abin da waya ba ta so. Ƙurar hunturu ta shiga soket, damina ta zo ta jiƙa ta, tagulla ta yi kore. Masu wankin mota su saita injin feshi kai tsaye a kan wayoyin inji. Motar da ta kwana da hatsi a gindin sito ba ta rabuwa da ɓera, shi kuma gwaguyar roba sana'arsa ce. Sauran ɓarnar hannunmu ne ke yi: ƙarin hon da fitilun ado da ake fere waya a murɗa musu a naɗe da salatif, da walda a jikin mota ba a cire batir ba. Babbar mota na aiki da bolt 24, batir biyu masu 12-12 a jere. Mai son cajin waya ko rediyo sai ya ja wuta daga ɗaya kawai, wannan ya riƙa zuƙewa, ɗan'uwansa kuma caji na yi masa yawa, ba a jima ba duka biyun sun lalace, kwamfuta ta shiga kawo ƙorafe-ƙorafen da ba su da alaƙa da juna.

Amma inda aka fi ɓata shi ne hanyar komawar wuta. Kowa ya san wayar da ke kai wuta, ba kowa ke tuna cewa dole ta koma batir ta jikin ƙarfen mota ba, ta wata kakkaurar waya da aka ɗaure tsakanin inji da shasi. Duk wanda ya taɓa sayar da hatsi a Dawanau ya san abu na farko da ake dubawa a sikeli: allura tana kan sifiri kafin a ɗora buhu? Idan ta riga ta gusa, kowane buhu aka ɗora ƙarya za a karanta, buhun kuwa ba laifinsa. Ƙarfen mota shi ne sifirin duk wani awo da ke gaban direba. Idan noti ya yi sako-sako ko tsatsa ta ci mahaɗar, sifirin zai riƙa gusawa duk lokacin da aka ja wuta mai yawa. Da rana komai lafiya. Magariba ta yi, direba ya kunna manyan fitilu, allurar zafi ta hau kamar inji zai tafasa. A nan mutum zai canza sensa, ya canza famfon ruwa, ya kai lagireto wanki, ciwon na nan a gindin noti guda.

Rewaya nagari tambaya yake fara yi kafin ya ɗauki sifana. Da lodi take yi ko wayam? A kan burji ko kwalta? Bayan ruwan sama? Idan an taka birki, ko an kunna fitila? Sau da yawa yaron mota ya fi maigidansa riƙe waɗannan, sai dai ba a cika tambayarsa ba. Sannan a bar inji na aiki, a bi damin wayoyi ana girgizawa gaɓa-gaɓa, wani na kallon fitila. Mita kuma a ɗora ta wuta na gudana, domin wayar da sili ɗaya ya rage mata za ta nuna lafiya idan ba ta ɗauke da kaya. Inji na aiki a ga kusan bolt 28 a batir. Tsakanin jikin inji da ƙafar batir ta komawa, idan mita ta doshi rabin bolt da fitilu a kunne, a kwance mahaɗar a goge. Sababbin motoci kuma kwamfutocinsu na magana da juna ta wasu wayoyi biyu a murɗe, tsarin CAN da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. A cire batir a auna tsakaninsu, om 60 ake nema, idan aka ga 120 wani wuri ya tsinke. Batun baƙin mai kuwa, a ɗaura gejin hannu a jikin inji ya raba gardama. Mai na'urar karanta kwamfuta da ke goge lambobin kuskure ba tare da ya rubuta su ba, shaidar da mota ta ajiye ce ya zubar.

Duk wannan bai kai kuɗin ƙwaƙwalwar mota guda da ake garzayawa Ƙofar Ruwa a sayo bisa zato ba, a wannan zamani na tsadar dala. Ba na ɗora wa rewayoyi laifin duka. Sun koyi sana'a da kwan gwaji a hannu, motoci suka canza, ba wanda ya kira su ya nuna musu. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi, ga NURTW da NARTO masu karɓar kuɗin tasha kullum. Ban ga abin da zai hana su shirya wa masu gyara horo na 'yan makonni kan aiki da mita ba.

Abin da ya sa maganar ta wuce batun aljihu shi ne birki. A motoci da yawa ƙararrawa ɗaya ce ke yi wa baƙin mai da zafi da iskar birki magana. Wanda ya tsinke ta don ya huta da kukan mai, ya rufe bakin abin da zai gaya masa iska na zuba, a mota mai ɗauke da tan talatin, a kan titin Katsina ko na Daura, inda kasuwa da makaranta da 'yan talla ke bakin kwalta. Tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya, jami'ai kuma ba su gajiya da neman takardu. Gwajin ƙararrawar iska bai fi minti biyu ba: a sa wa taya waigi, a kashe inji, a bar makulli a kunne, a yi ta taka birki har allurar iska ta sauka. Dole fitila ta kama, ƙararrawa ta yi kuka. Wannan ya kamata jami'i ya nema a shingen hanya, mai mota kuma ya gwada da kansa kafin a ɗora buhun farko.