Tukuicin korar ma'aikata: yadda manyan jaridun Amurka ke biyan shugabanninsu

Ranar 5 ga Yunin 2023, ɗaruruwan 'yan jarida daga jaridu sama da ashirin na kamfanin Gannett suka ajiye aiki. Ba su zaɓi ranar da ka ba, domin ita ce ranar taron shekara na masu hannun jari, kuma buƙatarsu ita ce a hana shugaban kamfanin, Mike Reed, ƙuri'ar amincewa. Reed ya kwashi dala miliyan 7.7 a 2021, da miliyan 3.4 a 2022. A wannan shekara ta biyu ce kamfanin ya sallami mutum kusan 400 a watan Agusta, ya tura saura hutun dole na mako guda ba albashi a ƙarshen shekara, ya kuma dakatar da gudummawar da yake sakawa a asusun ritayar ma'aikata. Masu hannun jari sun saurara, sun kaɗa ƙuri'a, Reed ya ci gaba da zama a kujerarsa.

Masu kare shugabannin nan sun fi son a kira fushin ma'aikata hassada. Ni ban ga hassada a ciki ba. Ɗan jarida ya san tun ranar da ya shiga aikin cewa ba zai taɓa kama ƙafar manaja a albashi ba, kuma shekara da shekaru bai damu ba. Abin da ya sauya shi ne hanyar da kuɗin ke bi kafin su isa aljihun shugaba. A kamfanin da ke bunƙasa, tukuicin shugaba yana fitowa daga sabon ciniki. Jaridar Amurka kuwa kullum kasuwarta raguwa take yi, don haka wuri ɗaya ya rage da riba za ta iya fitowa, wato jerin sunayen masu karɓar albashi.

Kuɗin talla da jaridun Amurka ke samu ya kai kimanin dala biliyan 49 a 2006. Zuwa 2020 ya faɗo ƙasa da biliyan 10. Babu manajan da ya iya tsayar da wannan zubar, komai wayonsa. Amma kwamitin daraktoci bai daina auna shugaba da ma'aunin da ya saba ba: riba nawa aka nuna a ƙarshen shekara, tsabar kuɗi nawa ta rage a hannu, ina farashin hannun jari ya tsaya. Idan kuɗin shiga na sauka da kansa, kuma an ce ladanka yana rataye da riba, me ya rage maka? Ka sayar da gini, ka rage shafuka, ka haɗa teburin tace labarai na jaridu goma a gari ɗaya, ka kori mutane. Wannan na ƙarshen shi ya fi sauri, ya kuma fi fitowa fili a takardar lissafi. Shi ya sa ma'aikaci ke kallon takardar sallamarsa da tukuicin shugabansa a matsayin lamba ɗaya da aka rubuta sau biyu, sau ɗaya a gefen ragi, sau ɗaya a gefen lada. Kuma bai yi kuskuren lissafi ba.

Wani lokaci ma ba a ɓoye abin. A 2009, lokacin da kamfanin Journal Register ya kai kansa kotu cewa bashi ya karya shi, ya nemi izinin raba wa wasu manyansa sama da dala miliyan 1, bisa sharaɗin su rufe wasu jaridu su kuma rage ma'aikata. Babban lauyan jihar Connecticut na lokacin, Richard Blumenthal, ya tashi ya ƙalubalanci shirin. Abin da ya bambanta wannan da sauran shi ne kawai an rubuta sharaɗin ɓaro-ɓaro.

Gannett ɗin nan dai ita ce makarantar wannan darasi tun kafin Reed. Craig Dubow ya karɓi ragamar kamfanin a 2005, hannun jarinsa na kusan dala 75. Ya sauka a Oktoban 2011 saboda rashin lafiya, hannun jarin na kusan dala 10, ma'aikata sun ragu daga wajen 52,000 zuwa wajen 32,000. Haƙƙoƙin ritaya da na jinya da aka tanadar masa sun kai kusan dala miliyan 37. A 2010 kaɗai an ninka abin da yake samu zuwa dala miliyan 9.4, bayan ma'aikata sun sha hutun dole ba biya. Wani zai ce ai yarjejeniya ce aka sa wa hannu tun da farko, dole a cika. Gaskiya ne. Sai dai su ma waɗanda aka sallama sun shiga aikin da tasu fahimtar, tasu ce kawai ba lauya ya rubuta ba.

Labarin Tribune ya fi muni, domin a can da gumin ma'aikatan aka ƙulla cinikin. A 2007 attajirin dillancin gidaje Sam Zell ya sayi kamfanin, mai Chicago Tribune da Los Angeles Times da Baltimore Sun, a cinikin dala biliyan 8.2. Abin da ya fito daga aljihunsa dala miliyan 315 ne. Sauran bashi ne aka ɗora wa kamfanin, aka kuma tsara mallakar ta hannun asusun hannun jarin ma'aikata don a rage haraji. Bashin ya kai kusan biliyan 13. Shekara guda bayan nan, a Disamban 2008, kamfanin ya durƙushe. Yana gaban kotu, mutum sama da 4,000 sun rasa aiki tun daga cinikin, amma aka raba wa manajoji tukuicin da ya haura dala miliyan 57. Hujjar ita ce kada ƙwararru su gudu a lokacin da ake buƙatarsu. Ƙwararrun da suka kai jirgin kan dutse ne ake biya don kada su sauka. David Carr na New York Times ya fallasa wannan a Oktoban 2010 tare da irin sharholiyar da ake yi a hedikwatar kamfanin, kuma cikin makonni shugaban, Randy Michaels, ya yi murabus. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba a tsallake ko gidan da ya buga fallasar ba. Janet Robinson ta bar shugabancin kamfanin New York Times a ƙarshen 2011 da kusan dala miliyan 24, a daidai lokacin da kamfanin ke matsa wa ƙungiyar ma'aikata ta yarda a daskarar da tsarin fanshonsu. A Birtaniya, shugaban Reach na lokacin, kamfanin da ke da jaridun Mirror da Express, Jim Mullen, ya samu sama da fam miliyan 4 a 2021, sannan aka yi wa ma'aikata tayin ƙarin kashi 3 cikin ɗari a shekarar da tsadar kaya ta kai kusan kashi 10. Suka tafi yajin aiki ranar 31 ga Agustan 2022.

Dole a ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, ko da ba a so. Tsakanin 2008 da 2020 ma'aikatan ɗakin labarai a jaridun Amurka sun ragu daga kimanin 71,000 zuwa 31,000. Ko da an ƙwace kowane tukuici an zuba a asusun albashi, ba zai dawo da ko kashi ɗaya cikin goma na waɗannan guraben ba. Shafin intanet na Craigslist ne ya cinye ƙananan tallace-tallace, Google da Facebook suka kwashe manya, ba Dubow ba. Akwai kuma gaskiya a batun cewa mai iya riƙe babban kamfani yana da wasu wuraren zuwa, ba zai zo ya jagoranci masana'antar da ke nitsewa a kan albashin edita ba. Na yarda da lissafin. Amma a miƙa shi ga wakiliyar da ta yi shekara takwas ba ƙari a ga ko zai shige ta. Dala miliyan 15 ba za ta ceci masana'anta ba, amma za ta biya 'yan jarida sittin albashin dala dubu 80 har shekara uku, kuma a ƙaramin gari 'yan jarida sittin su ne jarida dukanta har da ragowa.

Ban ɗauko miliyan 15 ɗin daga iska ba. A Disamban 2017 kamfanin Tribune Publishing, wanda a lokacin ya sauya suna zuwa tronc, ya ƙulla yarjejeniyar biyan kamfanin shugaban daraktocinsa, Michael Ferro, dala miliyan 5 duk shekara har shekara uku a matsayin kuɗin ba da shawara. Kafin nan kamfanin ya riga ya kashe miliyoyin daloli wajen hayar jirgin sama daga kamfanin Ferro ɗin don zirga-zirgar manya. Ma'aikatan Los Angeles Times, wadda a lokacin ke ƙarƙashin tronc, sun bi takardun kamfanin layi-layi, suka fito da waɗannan lambobi, suka yi yaƙin neman kafa ƙungiya da su. A Janairun 2018 aka ƙidaya ƙuri'a: 248 sun yarda, 44 sun ƙi. Wanda ya san tarihin jaridar zai gane girman wannan. An kafa ta a 1881, ta yi suna da ƙin jinin ƙungiyoyin ƙwadago har aka dasa wa gininta bam a 1910, kuma ɗakin labaranta bai taɓa yin ƙungiya ba sai a wannan karon. Abin da masu fafutuka suka kasa yi cikin shekara ɗari, kuɗin shawarar mutum ɗaya da jirginsa suka yi cikin watanni. Chicago Tribune ta bi sahu a wannan shekarar.

A nan akwai abin da ya sa fushin ɗan jarida ya bambanta da na ma'aikacin masaƙa ko na banki. Doka ta tilasta wa duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari a Amurka ya bayyana abin da yake biyan manyansa, kuma karanta irin waɗannan takardu sana'ar ɗan jarida ce. Shi aka koya wa bin sawun kuɗi. (A wajenmu, inda yawancin gidajen jarida mallakar mutum ɗaya ne ko gwamnati, ma'aikacin da ke bin bashin albashin wata shida ba ya ganin takarda, sabuwar motar oga kawai yake gani.) Sannan jaridun nan su ne suka cika shafukan sharhinsu da caccakar bankunan Wall Street a 2009 kan raba tukuici bayan gwamnati ta ceto su. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma waɗanda suka rubuta sharhin da hannunsu su suka fara lura.

Illar da ba ta fitowa a takardar lissafi ita ce ta fi tsada. Aikin jarida ya daɗe yana tafiya a kan sa'o'in da ba a biya: wakilin da zai zauna a zauren majalisar gari har tsakar dare, editan da zai sake kiran waya sau ɗaya kafin a buga. Mutum yana yin haka ne idan ya yi imani wahalar ta kowa ce. Ranar da ya gano cewa hutun dolensa ne ya zama tukuicin wani, sai ya fara duba agogo. Ƙwararru kuma, waɗanda suka san wane alƙali ne ke da ɗan'uwa ɗan kwangila, su ne ke fara karɓar kuɗin sallama su koma aikin hulɗa da jama'a a jami'a ko kamfani, domin su ne ke da inda za su.

Ƙungiya ta kawo ƙarin albashi da ƙa'idar sallama a wurare da dama, amma ba ta taɓa ma'aunin da daraktoci ke auna shugaba da shi ba. Los Angeles Times, duk da ƙungiyarta da sabon mai ita Patrick Soon-Shiong wanda ya saye ta a 2018, ta sallami mutum aƙalla 115 a Janairun 2024. Ferro kuwa ya sauka a Maris na 2018, an biya shi miliyan 15 ɗinsa cif. A watan Yulin wannan shekarar tronc ya kori rabin ɗakin labaran jaridarsa New York Daily News. A Nuwamban 2019 Ferro ya sayar da kasonsa na kamfanin, kusan kashi 25 cikin ɗari, ga kamfanin zuba jari na Alden Global Capital kan kimanin dala miliyan 118. Alden ta kammala sayen kamfanin gaba ɗaya a watan Mayun 2021, kuma cikin kwanaki kaɗan ta aika wa ma'aikata tayin su karɓi kuɗin sallama su tafi.