Baƙin Tsuntsayen Fadamar Rima

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi muku bayani a kan waɗansu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da muke gani bakin ruwa a fadamar Kwalkwalawa da Tafkin Kware idan damina ta ja baya. Ba balbela nake nufi ba, ba kuma zakaran ƙeƙuwa ba. Su waɗannan baƙi ne.

Ƙarshen babban hutu na harbo ɗaya da danƙo. Da na buɗe fiffikensa sai na ga giɓi, gashi biyu babu, wani kuma guntu ne yana tsirowa. Na zaci ciwo gare shi. Da muka komo makaranta na tambayi malaminmu na kimiyya, ya ce lafiyarsa lau, sake gashi yake yi.

Ga yadda abin yake. Tsuntsayen nan a arewacin Turai da Rasha suke ƙwai da ƙyanƙyasa. Kafin sanyi ya sauka can sai su taso, su ƙetare teku da Sahara, tafiyar dubban mil. Gashin da ya sha wannan wahala dole ya ƙoƙe, don haka kowace shekara sai sun sake shi. Waɗansu kan fara a hanya, su ƙarasa a nan. Manyan gashin bakin fiffike goma ne, kuma ba sa zuba gaba ɗaya kamar na agwagin ruwa. Ɗaya ko biyu ke faɗuwa, sabo ya fito, sa'an nan na gaba ya faɗi, har a yi watanni. A lokacin nan tashi na yi musu wuya, ga shi kuwa tsirar gashi tana cin abinci ƙwarai. Duk sa'ad da yaro ko kare ya kore su, ƙarfin da za su yi gashi da shi ne ya tafi a banza.

Abin da suke bukata shi ne taɓo mai tsutsa da ƙwari. Amma tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, aka kuma tare Gulbin Rima a Goronyo, ambaliya ba ta rufe fadama kamar dā. Ban ce noman rani laifi ba ne, da shi muke cin shinkafa da albasa.

A 1971 ƙasashe suka yi yarjejeniya a Ramsar ta ƙasar Iran don kare dausayi, kuma a 2000 aka sa Tafkin Nguru cikin wuraren da take karewa. Mu a nan Sakkwato, roƙona ga iyaye su hana ƙannenmu kai danƙo da tarko bakin ruwa da kaka. Ni dai nawa tsuntsun, da aka gasa shi, bai kai loma biyu ba.